Me Ya Sa Gemini Suka Tsaya a Faifai Biyu?

Tambaya: Malam, ina sauraron tsofaffin waƙoƙin ABBA, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan nan ta Suwidin, a YouTube sai na ci karo da wata mai suna "Just Like That", amma muryar ba ta ABBA ba ce, an rubuta Gemini a kanta. Da na duba sai na ga mace da namiji ne 'yan Suwidin, kuma Benny da Björn na ABBA ne suka yi musu aikin. Su wane ne? Tun da irin waɗannan manya ne suka tsaya musu, me ya hana su daɗewa, har mu nan ba mu taɓa jin sunansu ba?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, don faifan nan guda biyu suna cikin abubuwan da nake komawa gare su lokaci zuwa lokaci, kuma nakan ji zafin yadda ake taƙaita labarinsu. Yawancin masu rubutu kan ce ABBA ta biyu aka so a kafa sai abin ya ƙi. Ni ban ɗauke shi haka ba. A ganina Gemini zango ne da matafiya huɗu, wato mawaƙan biyu da Benny da Björn, suka yada a tsakiyar hanya, kowannensu da garin da ya nufa. Da suka huta, suka yi abin da ya tara su, sai kowa ya ɗaure kayansa.

Gemini su ne Karin Glenmark da ƙanenta Anders Glenmark. An haifi Karin a 1952, Anders kuma a 1953, mutanen yankin Skåne ne a can kudancin Suwidin. Kalmar Gemini a Latinanci tagwaye take nufi, amma su ba Hassana da Husaini ba ne, yaya ce da ƙanenta mai bi mata. Sunan dai ya dace da yadda muryoyinsu ke narkewa cikin juna, irin haɗuwar da ba ka cika samu ba sai a wurin waɗanda suka tashi gida ɗaya suna waƙa tun ƙuruciya.

'Yan gado ne. Baffansu Bruno Glenmark makaɗi ne sananne, matarsa Ann-Louise Hanson kuma mawaƙiya ce da Suwidin ta sani tun shekarun 1960. A farkon shekarun 1970 su huɗun suka haɗu suka yi ƙungiyar gida mai suna Glenmarks. Sun shiga Melodifestivalen, gasar da ake fitar da wakilin ƙasar zuwa Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a 1973 da kuma 1974. Ka lura da shekarun nan. A 1973 ne su Benny da Björn da Agnetha da Frida, wato 'yan ABBA huɗu, suka zo na uku a wannan gasa da "Ring Ring", a 1974 kuma suka cinye da "Waterloo", suka wuce Brighton ta Ingila suka lashe Eurovision ɗin gaba ɗaya. Wato tun kafin duniya ta san sunan ABBA, su Karin suna hawa dandamali ɗaya da su. Anders ma yana cikin waɗanda suka kaɗa jita a faifan ABBA mai suna Arrival na 1976. A 1984 ya da ƙanen suka koma gasar su biyu kawai da waƙar "Kall som is", suka zo na huɗu, a shekarar da 'yan'uwan nan uku, Herreys, suka ci. Ina jero maka wannan ne don ka san cewa lokacin da aka kafa Gemini a 1985 ba yara sabbin shiga aka tsinto ba. Dukansu sun haura shekara 30, sun ƙware, kuma suna da abin yi ko ba Gemini.

A ɓangaren ABBA kuwa, auren Björn da Agnetha ya mutu a ƙarshen shekarun 1970, na Benny da Frida ya bi baya a 1981. Faifansu The Visitors ya fito a ƙarshen 1981, a 1982 suka ɗauki wasu 'yan waƙoƙi, daga Disambar wannan shekara kuma sai shiru. Matan biyu kowace ta kama aikin faifanta. Mazan suka haɗa kai da Tim Rice, marubucin waƙoƙin dandamali ɗan Ingila, suka duƙufa kan Chess, wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, wanda aka gina kan gasar darar Turawa tsakanin Ba'amurke da ɗan Rasha a zamanin yaƙin cacar baka. Faifan Chess ya fito a 1984. A cikinsa akwai "One Night in Bangkok", wadda ta kai ta uku a jerin waƙoƙin Amurka a 1985. Sunan Murray Head ne a kan waƙar, shi ne mai maganar baitocin, amma muryar nan mai tashi sama da ke rera amshin, ta Anders Glenmark ce. Mutane miliyoyi sun san muryarsa ba su san sunansa ba.

To ka ga yadda abin ya ƙullu. Faifan Chess ya fito, amma ba a fara nuna wasan a Landan ba sai Mayun 1986. A wannan tsakanin, mawallafa biyu da suka shafe shekara goma suna rubuta wa muryar mace waƙa sun wayi gari ba su da macen da za ta rera. Suna da ragowar kari a aljihu, suna da kamfanin Polar da zai buga faifai, ga kuma mawaƙa biyu da suka sani suka amince da su. Daga nan Gemini ta fito. Faifan farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a 1985, na biyu mai suna Geminism a 1987. Benny da Björn sun rubuta wasu waƙoƙin, Anders ya rubuta wasu, kuma da shi aka yi aikin tsara sautin.

Bari in tsaya kan waƙar da ta kawo ka, don labarinta shi ne labarin Gemini a dunƙule. ABBA sun ɗauki "Just Like That" a Mayun 1982. Sun yi ta juya ta, har suka gayyato Raphael Ravenscroft, mai busa saksafon ɗan Birtaniya, ya sa mata busa. Duk da haka Benny da Björn ba su gamsu ba. Abin da ya dame su shi ne baitin da amshin ba su zauna da juna ba, kamar an ɗinka wuyan wata riga a jikin wata. Sai suka ajiye ta. Har yau ba a taɓa fitar da ta ABBA cikakkiya a hukumance ba. Guntunta kawai aka saki a 1994, cikin wani dogon haɗin gutsattsarin waƙoƙin da ba su fito ba, a akwatin faifai mai suna Thank You for the Music. Masoya ABBA sun yi shekaru suna roƙo, mawallafan sun ƙi.

Wadda ka ji ta Gemini gyararriya ce. Sun riƙe amshin, suka yi wa baitocin sabon kari da sabbin kalmomi, suka rage mata gudu, suka sa mata nauyi da duhu. Idan ka saurari guntun ta ABBA sannan ka koma ta Gemini, za ka ji bambancin tun daƙiƙun farko. Ta ABBA tana da walwala a sama ko da maganar rabuwa ake yi, wanda shi ne sirrin ABBA tun asali: kiɗa na murna, kalmomi na kuka. Ta Gemini ba ta ɓoye komai. Karin na rera ta kamar mai ba da labarin abin da ya same ta a gaban jama'a, tana jan kalma, tana ajiye ta, tana hawa a hankali har ta kai ƙololuwa. Wannan salon dandamali ne, salon wanda ya fito daga shekara biyu yana rubuta Chess. Ni na fi son ta Gemini a matsayin waƙa gamammiya, ko da na san masoya ABBA da yawa ba za su bi ni a kan haka ba. Dalilina shi ne a nan ne baiti da amshi suka yarda da juna, abin da mawallafan suka nema tun 1982.

Haka "Slowly" ma ba sabuwa ba ce. Frida ta riga ta rera ta a faifanta Shine na 1984, sai aka sake ɗinka ta wa Gemini. Mai sauraro na wancan lokacin da ya ɗauki faifan, ya ga sunan Benny Andersson da Björn Ulvaeus a bango, ya ji waƙar da Frida ta rera bara, ya kuma ji raɗe-raɗin cewa ga wata da ABBA suka bari, me kake tsammani zai yi? Dole ya auna. Kuma kama da wane ba ta wane.

Awon ma ba na adalci ba ne, ga dalili. Sautin ABBA ba muryar mace ɗaya ba ce. Agnetha mai siririyar murya ce ta sama, Frida mai kauri ce ta tsakiya. Idan suka rera layi ɗaya tare sai wata murya ta uku ta fito wadda ba ta ɗayansu ba. Injiniyansu Michael Tretow kuma yakan ɗauki murya da kayan kiɗa fiye da sau ɗaya ya jera su a kan juna, wani lokaci ya ɗan sauya gudun tef kaɗan, don sautin ya yi kauri ya cika kunne. Karin ita kaɗai ce mace a Gemini. Muryarta mai ƙarfi ce, tsaftatacciya, mai horo, tana iya riƙe dogon sauti ba ta girgiza ba. Abin da ke gefenta muryar namiji ce ta sama. Haɗi ne mai kyau ƙwarai, amma wani abu ne daban. Wanda ya zo neman Agnetha da Frida zai tashi da ƙishinsa, wanda ya zo da kunne a buɗe zai sha ya ƙoshi.

Akwai wani abin da matasa masu sauraron ABBA a yau ba su sani ba. A tsakiyar shekarun 1980 sunan ABBA ba ya sayar da kaya kamar yanzu. A Birtaniya da Amurka ana yi musu kallon tsohon yayi, kayan shekarun 1970 da aka wuce. Farfaɗowarsu ba ta zo ba sai 1992, lokacin da ƙungiyar Erasure ta sake rera wasu waƙoƙinsu ta hau ta ɗaya a Birtaniya, sannan faifan ABBA Gold ya fito a wannan shekarar ya yi ta sayuwa ba ƙaƙƙautawa. Gemini sun faɗo a daidai ramin da ke tsakanin tashen farko da na biyu. Inuwar ABBA ta isa ta rufe su, amma ba ta da ƙarfin da za ta ɗaga su. Kasuwar lokacin kuma ta bidiyo ce da kwalliya da ƙuruciya. Shekarar 1985 ita ce ta a-ha 'yan Norwe da bidiyonsu na zane, ita ce ta Madonna. Ya da ƙane masu shekara talatin da 'yan kai, masu rera waƙoƙi masu nutsuwa, ba su ne abin da masu tallan faifai a Landan ke nema ba. A gida Suwidin faifan ya samu karɓuwa daidai gwargwado, a manyan kasuwannin waje kuwa bai keta ba. Shi ya sa bai iso gidajen rediyonmu ba, don abin da ya yi tashe a Landan da Amurka shi ne yake gangarowa nan.

Kwatanta su da Roxette zai ƙara haska maka. Su ma mace da namiji ne 'yan Suwidin, Marie Fredriksson da Per Gessle, kuma sun fara a 1986, shekara ɗaya bayan Gemini. Gessle shi ke rubuta waƙoƙinsu, kuma burinsa na fita duniya a bayyane yake. Sun zagaya Suwidin suna wasa a gaban jama'a, suka fitar da Look Sharp! a 1988. Wani ɗalibi Ba'amurke da ya zo karatu Suwidin ya koma gida da faifan, ya kai wa wani gidan rediyo a Minneapolis, daga nan "The Look" ta bazu har ta zama ta ɗaya a Amurka a 1989. Akwai sa'a a ciki, babu musu. Amma sa'ar ta tarar da mutum biyu da suka zuba duk abin da suka mallaka a tukunya ɗaya, suna da faifai a hannu da wani a hanya. Gemini kuwa aikin sitidiyo ne tun tushe, kuma rabin ƙarfinsa yana hannun mutum biyu da hankalinsu ya riga ya yi wani wuri.

Wannan shi ne babban dalilin a wurina. Dubi abin da Benny ya yi a 1987, shekarar da Geminism ya fito. Ya kafa kamfaninsa na kansa mai suna Mono Music, ya fitar da faifansa Klinga mina klockor tare da Orsa Spelmän, masu goge na gargajiya daga yankin Dalarna. Benny ya tashi ne da akodiyon, abin kiɗan nan da ake buɗewa ana matsewa kamar zugazugin maƙeri, a hannun mahaifinsa da kakansa ya koya tun yana ɗan shekara shida. Bayan ya zagaye duniya da kiɗan zamani sai ya juya ya nufi kiɗan gida. A lokaci guda Chess na cin lokacinsu: yana gudana a Landan, ana kuma shirin kai shi Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, inda aka buɗe a 1988 aka rufe bayan wata biyu. Da suka farfaɗo daga wannan sai suka shiga aikin da ya ci musu shekaru, Kristina från Duvemåla, wanda aka gina kan littattafan Vilhelm Moberg game da talakawan Suwidin da yunwa ta kora zuwa Amurka a ƙarni na 19. An fara nuna shi a Malmö a 1995, da harshen Suwidin. Taura biyu ba ta taunuwa. Mutumin da ke rubuta wasan awa uku zuwa huɗu ba zai zauna yana ƙirƙirar waƙar minti huɗu don rediyon Landan ba.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne waƙar da ta fi daɗewa a cikin duk abin da Gemini suka rera. Ita ce "Mio min Mio" ta 1987, wadda Benny da Björn suka yi wa fim ɗin yara da aka ɗauko daga littafin Astrid Lindgren na 1954. Fim ɗin haɗin gwiwa ne tsakanin Suwidin da Norwe da Tarayyar Sobiyet, Christopher Lee ne ya fito a mugu, Christian Bale kuma yana yaro a ciki. Akwai ta Turanci a Geminism, amma ta harshen gida ce ta zauna a zukatan mutanen Suwidin, har yau ana rera ta. Saurare ta ka ji: karin a miƙe yake kamar waƙar gargajiya, Karin ba ta kokawa da kowa, ba ta cike gurbin kowa, muryarta ce kawai a kan kari mai sauƙi. An kafa ƙungiyar da Turanci don a fita waje, sai ga shi abin da ya rayu shi ne wanda aka yi da harshen uwa. Duk wanda ya san yadda mawaƙanmu ke fama da wannan zaɓi, ko su rera da Hausa ko su bi Turanci don neman kasuwar Legas, zai gane abin ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Geminism kansa faifai ne mai fuska biyu, kuma ba zan ɓoye maka ba, bai kai na farko zama ɗaya ba. Wasu waƙoƙin suna bin kiɗan na'ura mai sauri irin na lokacin, kuma su ne suka fi tsufa yanzu. Wasu kuma, irin "I Am the Universe", kana ji ka san dandamali suke kira. Hannun Anders ya fi fitowa a wannan faifan, alamar cewa shi ma ya fara neman hanyarsa.

Kuma ya same ta. Ya koma rera waƙa da harshen Suwidin ya yi suna da kansa, ya zama ɗaya daga cikin manyan furodusoshin ƙasar. A 1994 shi da Orup da Niklas Strömstedt, ƙarƙashin sunan GES, suka yi "När vi gräver guld i USA", waƙar tawagar Suwidin a gasar cin kofin duniya ta Amurka. Gasar nan ce dai da Najeriya ta fara zuwa, wadda Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya. Suwidin ta zo ta uku, waƙar kuma ta zama kamar taken bazarar wannan shekara a ƙasar. A 1996, da Frida ta yanke shawarar dawowa da faifai cikin harshen Suwidin, Djupa andetag, Anders ne ya yi mata aikin. Karin ta ci gaba da waƙa a dandamali da manyan taruka. A 1994 aka gabatar da Chess a matsayin taron waƙa a birnin Göteborg, ita ce ta rera Florence, babbar jarumar wasan, ƙanenta ya rera Ba'amurken, Tommy Körberg ya rera ɗan Rashan. Mutanen da suka rabu baram-baram ba sa sake haɗuwa haka. Sunan Gemini ne aka ajiye, zumuncin aikin bai yanke ba.

Waƙoƙin ma ba su mutu ba. A 2002, H da Claire, biyu daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiyar Steps ta Birtaniya, suka ɗauko "Another You, Another Me" daga faifan farko na Gemini suka sake rerawa, har suka sa wa nasu faifan sunanta.

Tun da ka riga ka ji "Just Like That", shawarata ita ce ka bi ta da "Another You, Another Me", da daddare, da abin sauraro a kunne, don ƙananan abubuwan da Benny ke yi da fiyano a ƙarƙashin murya ba sa fitowa a lasifikar waya. Daga nan ka jera "Slowly" ta Frida da ta Gemini ka ji yadda kari ɗaya ke sauya hali idan maƙogwaro ya sauya. Ka bar "Mio min Mio" ta zama ta ƙarshe, kuma ka nemi ta harshen Suwidin, ko da ba ka jin kalma ɗaya a ciki.